Kantuna, silima da wasanni a Kano zamanin Turawa: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Duk lokacin da ɗalibai suka shiga rubuta kundin kammala karatu, tambayoyin nan dai su ne. Ga amsoshin a wuri guda, don Allah a karanta kafin a sake turo mini saƙo.

Wace silima ce ta farko a Kano?

Rex, a Sabon Gari, 1937. Kwarori ne, wato 'yan kasuwar Lebanon da Siriya, suka gina ta, kuma ba ta da rufi, sai duhu ya yi ake haskawa.

Ai majigi da silima duk ɗaya ne?

A'a. Majigi na gwamnati ne, kyauta. Mota ce ke zuwa ta kafa farin ƙyalle a ƙofar hakimi, a nuna tsafta da noma da biyan haraji. Silima kuwa kasuwanci ce, sai ka biya ka shiga.

Me ya sa kantunan Turawa ba su shiga cikin gari ba?

Saboda jirgin ƙasa bai shiga ba. Dogo ya iso Kano a 1911, aka yi tasha a wajen badala, cinikin gyaɗa ya ɓarke a 1912. Kamfanoni irin su John Holt da GBO (G. B. Ollivant) da Kamfanin Neja, wanda daga baya ya narke cikin UAC (United Africa Company), duk suka yi kantunansu kusa da tasha. Kwarori suka zauna gefen Fagge, nan ne asalin Kantin Kwari, Turawan mulki kuma suna Nassarawa. Da gangan aka tsara haka, cikin gari na Sarki ne da alƙalansa. Kasuwar Kurmi ba ta mutu ba, kada wanda ya rubuta mini haka.

Kafin silima Kanawa ba su da abin kallo ke nan?

Haba malam! Dambe fa? Kokawa fa? Gardawa da kurayensu, 'yan kama da ke kwaikwayon wa'azi suna yabon tuwo, tashe a watan azumi, hawan Sallah. Ba Bature ne ya kawo mana raha a akwati ba. Abin da ya zo sabo shi ne ɗan tikiti a bakin ƙofa, da zama cikin duhu kusa da wanda ba ka san asalinsa ba. Shi ya sa malamai suka ƙyamaci silima, ɗan mutunci kuma in zai je sai ya saci jiki.

Da gaske an yi gobara a silima?

An yi. El-Duniya, Mayun 1951, mutum 331 suka rasu. Allah ya jiƙan su. Mutane da dama a lokacin sun ɗauke ta a matsayin ishara.

Kakana ya yi ciniki a lokacin. Ina zan samu takardar da ke da sunansa?

To, wannan kam sai an zauna, don ya danganta da inda ya yi cinikin da kuma wanda ya yi da shi. In fuloti ya riƙe a wajen gari, ko ya yanki lasisi, akwai yiwuwar sunansa ya shiga fayil, domin ofishin Razdan, wato Baturen da ke shugabantar lardi, ba ya wasa da takardar fili da ta kuɗi. Fayilolin Lardin Kano suna Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna. Ka leƙa Gidan Arewa tunda ka je, a nan Kano kuma ka fara da Gidan Ɗan Hausa. Amma a lura, sai 1940 aka mayar da Sabon Gari ƙarƙashin En'e, wato hukumar Sarki, don haka takardun kafin nan da na bayan nan ba lalle su kasance wuri ɗaya ba.

In kuwa rumfa gare shi a Kurmi, ko yaron wani attajiri ne da ke karɓar jari ya shiga ƙauye sayen gyaɗa, to ka rage buri. Irin wannan ciniki da amana aka yi shi. Kamfani ya san babban dillalinsa, kamar Alhassan Ɗantata, amma bai san ɗaruruwan da ke auna masa a ƙasa ba. Mai yiwuwa ka dace a littafin alƙali, in an taɓa shari'ar bashi ko rabon gado, sai dai yawancinsu da Larabci ne, za ka buƙaci mai karanta maka. Ka kuma gwada sunan ta fuska uku ko huɗu, don akawun Bature yakan rubuta Mamman a inda ku kuka san Muhammadu, ko ya saka laƙabi ya bar suna.

Kada ranka ya ɓaci in ba ka samu komai ba, hakan ba ya nufin labarin gidanku ƙarya ne. Kafin ma ka kashe kuɗin mota, je ka wurin tsohuwar da ta fi kowa shekaru a gidan, ka roƙe ta ta buɗe adakarta. Tsohon rasit na haraji ko wasiƙar ajami sukan fito daga ƙarƙashin zannuwa.

Yaushe aka kawo famfo da lantarki?

1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, daga Chalawa, da kuɗin baitulmalin En'e.

Nawa ne sule a kuɗin yanzu?

Kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, naira kuma sai 1973 ta zo. Ka rubuta kuɗin yadda ka gan shi a takarda, ka bar juya shi zuwa naira, lissafin ba zai kai ka ko'ina ba.