Manyan Shida na Ghana: su wane ne, kuma me ya haɗa su?

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar sidi, kuɗin Ghana, ta biyar ce ko ta hamsin, ya ga fuskokin maza shida a gefe guda. Su ne 'yan Ghana ke kira “Big Six”, wato Manyan Shida: Kwame Nkrumah, J. B. Danquah, Ebenezer Ako-Adjei, Edward Akufo-Addo, Emmanuel Obetsebi-Lamptey da William Ofori Atta. Tun sauyin kuɗi na 2007 hotonsu ke kan yawancin takardun ƙasar. Ganin su haka a jere ya sa mutane da yawa suka ɗauka su shidan tare suka yi gwagwarmaya har aka samu 'yanci. Ba haka abin yake ba. Sunan ya fito ne daga kamun da Turawan mulkin mallaka suka yi musu a watan Maris na 1948, a kan tarzomar da ba su suka shirya ta ba.

Bayan yaƙin duniya na biyu rayuwa ta yi tsada a Gold Coast, kamar yadda ake kiran Ghana a lokacin. Manyan kamfanonin Turawa irin su UAC ke riƙe da shigo da kaya, su ke yanka farashin atamfa da sabulu da sukari. A ƙauyuka gwamnati na sare itatuwan koko saboda wata cuta da ta kama su, manoma na kallo ana kayar da abin da suke ci da shi. A watan Janairun 1948 wani basarake a Accra, Nii Kwabena Bonne, ya kira mutane su daina sayen kayan kantunan Turawa, aka kuma amsa kiran har tsawon wata guda.

Sai ranar Asabar 28 ga Fabrairu. Tsofaffin sojojin da suka yi wa Birtaniya yaƙi, da yawansu a dajin Burma, suka fito da takardar koke kan fansho da aikin yi da aka yi musu alkawari. Suka nufi fadar Christiansborg da ke Osu, mazaunin Gwamna Gerald Creasy. 'Yan sanda suka tare su a mararrabar hanya. Baturen da ke jagorantar 'yan sandan, Colin Imray, ya buɗe wuta. Mutum uku suka faɗi: Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Kafin dare Accra ta kama da wuta, aka fasa kantuna, tarzomar ta bazu zuwa Kumasi da wasu garuruwa. Mutum 29 suka mutu, fiye da 200 suka ji rauni.

To ina su shidan suka shigo? Shugabanni ne a UGCC, ƙungiyar siyasar da aka kafa a Saltpond ranar 4 ga Agustan 1947 da kuɗin wani attajirin katako, Paa Grant. Yawancinsu lauyoyi ne da 'yan boko masu hali. Nkrumah ne baƙo a cikinsu: Ako-Adjei, wanda ya san shi tun suna karatu a Amurka, shi ya ba da shawarar a kira shi daga Landan ya zama sakatare, ya kuwa iso a Disamban 1947. Da gari ya rikice, suka aika wa gwamnatin Landan waya cewa mulkin Gwamna ya gaza, a miƙa ragama ga 'yan ƙasa. Gwamna ya ɗora musu laifi, ya sa aka kama su, aka rarraba su a garuruwan arewacin ƙasar; Nkrumah a Lawra aka ajiye shi. 'Yan makonni kawai suka yi a tsare, amma sun fito sunansu na bakin kowa. Gwamna ya so ya kashe wuta, sai ya zuba mata kananzir.

Haɗin kan bai yi ƙarko ba. Bayan binciken da kwamitin Watson ya yi kan tarzomar, Turawa suka kafa kwamitin Coussey don rubuta sabon tsarin mulki, aka gayyaci manyan UGCC, aka bar Nkrumah a waje. Su suna cewa mulkin kai cikin lokaci mafi kusa, shi yana cewa mulkin kai yanzu. Ranar 12 ga Yunin 1949 ya ɓalle ya kafa jam'iyyar CPP, matasa da 'yan ƙwadago da matan kasuwa suka bi shi. An ɗaure shi a 1950 saboda yajin aikin gama-gari, ya ci zaɓen 1951 yana kurkuku, daga can aka fito da shi ya jagoranci gwamnati. Daren 6 ga Maris 1957 da aka ayyana 'yanci, waɗanda suka tsaya tare da shi a kan dandamali 'yan CPP ne irin su Komla Gbedemah da Kojo Botsio. Cikin sauran biyar ɗin, Ako-Adjei kaɗai ya koma jam'iyyarsa.

Abin da ya biyo baya shi ne ɓangaren da ya fi ciwo, kuma shi ne hoton ba ya faɗa. A 1958 gwamnatin Nkrumah ta yi dokar tsare mutum har shekara biyar ba tare da shari'a ba. Danquah, wanda ya kara da shi a zaɓen shugaban ƙasa na 1960 ya sha kaye, sau biyu aka tsare shi a ƙarƙashin wannan doka. Ya rasu a kurkukun Nsawam ranar 4 ga Fabrairun 1965, yana dattijo ɗan shekara 69. Obetsebi-Lamptey ma an tsare shi yana fama da rashin lafiya, ya rasu a farkon 1963.

Ako-Adjei kuwa, mutumin da ya kawo Nkrumah gida, yana ministan harkokin waje aka jefa wa shugaban bam a Kulungugu, kusa da iyakar arewa, ranar 1 ga Agustan 1962. Aka kama Ako-Adjei tare da wasu manyan 'yan CPP biyu, Tawia Adamafio da Cofie Crabbe. Kotun alƙalai uku ta wanke su a 1963, kuma ɗaya daga cikin alƙalan Edward Akufo-Addo ne. A duba wannan da kyau: ɗaya cikin shidan ne shugaban ƙasa, ɗaya ne ake tuhuma, ɗaya ne ke kan kujerar alƙali. Nkrumah ya tsige babban jojin ƙasa Arku Korsah, wanda ya jagoranci kotun, daga baya Akufo-Addo ma ya rasa kujerarsa, aka sake shari'a aka yanke wa Ako-Adjei hukuncin kisa, sannan aka mayar da shi ɗaurin shekara 20. Juyin mulkin 24 ga Fabrairun 1966, wanda ya kifar da Nkrumah, shi ne ya fito da Ako-Adjei. Masu ƙaunar Nkrumah suna tuna mana cewa bama-baman gaske aka yi ta tayarwa a Accra a shekarun nan, kuma a 1964 wani ɗan sanda ya harbe shi a fadar gwamnati ya kuskure. Gaskiya ne, kuma madatsar Akosombo da tashar jiragen ruwa ta Tema suna nan suna shaidar aikinsa. Amma ni a ganina babu tsoron da ya isa hujjar barin dattijo kamar Danquah ya mutu a kulle ba a gurfanar da shi gaban alƙali ba.

Nkrumah ya yi zaman gudun hijira a Gini, ya rasu a wani asibiti a Romaniya a 1972. Akufo-Addo ya zama babban joji, sannan shugaban ƙasa na girmamawa daga 1970 zuwa 1972, Ofori Atta kuma minista a gwamnatin Firaminista Kofi Busia. Ako-Adjei ne ya rage na ƙarshe, ya rasu a 2002.

Shi ya sa har yau ambaton Manyan Shida a Ghana magana ce ta siyasa. Jam'iyyar NPP tana danganta kanta da Danquah, tana cewa mutane da yawa suka kafa ƙasar. Nana Akufo-Addo, wanda ya yi mulki daga 2017 zuwa farkon 2025, jinin uku ne daga cikin shidan: Edward mahaifinsa ne, Ofori Atta kawunsa, Danquah kuma ƙanen kakansa. Magoya bayan Nkrumah na cewa sauran biyar ɗin an kama su ne kawai, mutum ɗaya ya kai aikin ƙarshe. Wasu kuma na tambayar inda aka bar sojoji ukun da jininsu ya zuba, da Nii Bonne, da Paa Grant, tambayar da nake ganin tana kan hanya. Gardamar ta kai har kalandar hutu: a zamanin Shugaba Atta Mills aka mai da 21 ga Satumba, ranar haihuwar Nkrumah, ranar wanda ya kafa ƙasa, a 2019 gwamnatin Akufo-Addo ta mayar da bikin 4 ga Agusta da sunan waɗanda suka kafa ta, a 2025, bayan dawowar John Mahama kan mulki, majalisa ta sake mayar da shi 21 ga Satumba.