Na sayi kyamara, ta ina aiki zai shigo?

Waɗannan su ne tambayoyin da matasa masu fara sana'ar hoto suka fi yi, musamman wanda ya tattara ɗan abin da ke hannunsa ya sayi kyamara, ya waiwaya ya ga ko sisin talla bai rage ba.

Ba ni da shago, ba ni da kuɗin talla. Daga ina zan fara?

Daga hotuna goma masu kyau. Sunan da za a yi a gidanku, walimar saukar Alƙur'ani a Islamiyyar unguwa, ƙannenka ranar Sallah, duk wuraren gwada hannu ne. Ka ɗauki ɗari, ka fitar da goma kacal. Sai ka buɗe WhatsApp Business, kyauta ne, kuma yana da wurin jera hotuna da farashi. Ka buɗe Instagram da suna iri ɗaya da lamba iri ɗaya. Sanya sana'arka a taswirar Google ma ba a biyan ko kwabo.

Wa ke kawo aikin biki?

A nan mutane da yawa ke kuskure, suna bin ango. Galibi amarya ce ke zaɓa, ita kuwa mai kwalliyarta take tambaya, da mai lalle, da telarta, da ƙawar da ta yi aure bara. Waɗannan su ne ƙofarka.

Dubi mai lalle. Za ta shafe awa uku tana zane a hannun amarya, ƙarshe ta ɗauka da waya a cikin ɗaki mai duhu, jan lallen ya dushe, siraran layukan su cakuɗe. Kai kuwa sai ka sa a kawo hannun bakin taga, a ɗora shi kan farin mayafi, kowane ɗigo ya fito sarai. Ka tura mata a ranar, ka ce: "Hajiya, ga aikinki, in kin saka ki ambaci sunana." Za ta saka, domin tallarta ce ita ma. Duk amaryar da ta ga hannun nan ta ga aikinka.

Sai dai akwai gidajen da namiji ba ya shiga wurin kamu ko zaman lalle, kuma wannan abin girmamawa ne. Idan ke mace ce, ƙanwata, kasuwarki ke nan, ki faɗa a fili cewa mace ce ke ɗauka. Idan namiji ne, ka nemi mace ku haɗa hannu.

In riƙa yin aikin kyauta?

Biyu ko uku, kai ma don ka samu abin nunawa. Daga nan ka yanke farashi, ka rubuta abin da ke ciki: awa nawa, hoto nawa, ranar bayarwa. Ka karɓi kafin alƙalami ko da ɗan'uwa ne. Ragi ya fi kyauta, domin wanda ka saba yi wa kyauta, kyautar zai tallata maka.

Zan iya saka hoton amarya a shafina?

Sai da izini, kuma tun kafin biki. Wannan maganar ina yin ta da dukkan zuciyata. Hoton matar aure guda ɗaya da ya fita ba da sanin mijinta ko iyayenta ba yana iya tayar da fitina a gida, kai kuma dangin nan kaf sun rufe maka ƙofa. In an ce a'a, akwai zobe, da lalle, da akwatunan lefe, da adon wurin taro. Mai hoton da aka san ba ya yawo da hotunan mutane, iyaye da kansu suke neman lambarsa.

Idan babu biki fa, kamar cikin azumi?

Lokacin 'yan kasuwa ne. A Kano, masu atamfa da shadda da leshi na Kantin Kwari suna tallar kayan Sallah ta waya, haka matan da ke sayar da turaren wuta da humra da abaya daga gida. Matsalarsu launi: mai saye ta ga shuɗi a hoto, a kawo mata wani abu daban, rigima ta tashi. Wanda ya iya fito da launin yadi yadda yake zai samu aiki duk sati. Washegarin Sallah kuma ga Hawan Daushe, mahaya da iyalansu na son hoton dokinsu cikin ado.

In biya Facebook ko Instagram su tallata ni?

Ba yanzu ba. In ka tashi, ka taƙaita tallar ga garinku, da hotonka mafi kyau, na 'yan kwanaki, ka ga ko waya ta yi ƙara. Kafin nan kuɗin ya fi amfani a batir na biyu da katin ajiyar hoto.

Yaya zan tura wa mai aiki hotunansa?

A ranar da ka yi alkawari. Kuma idan ta WhatsApp ne, ka tura su a matsayin fayil, domin turawar da aka saba tana rage musu kyau, in an je wankewa sai fuska ta fito dishi-dishi. Ka ware biyar mafi kyau ka aika tun daren bikin, lokacin da 'yan'uwa ke ta tambayar amarya hoto.