Haɗa sabulu, bilic da man shafawa a gida: tambayoyi da amsoshi

Sana'ar haɗa sabulu da man shafawa ta zama madogara ga mata da yawa a garuruwanmu, domin jarinta kaɗan ne, masu saye kuma suna nan a cikin unguwa. Sai dai galibin masu yin ta sun koya ne a horon 'yan kwanaki ko a bidiyon waya, inda ake lissafo musu sunayen sinadarai ba tare da an faɗi aikin kowanne ba. Wannan giɓi ne ke jawo asarar jari, wani lokacin har da asarar lafiya.

Mene ne yake mayar da mai ya zama sabulu?

Haɗuwar mai ko kitse da sinadari mai kaifi ce, wato kostik soda, wadda masu sana'ar ke kira soda kawai. Idan aka gauraya su bisa ma'aunin da ya dace, sodar takan cinye man, man ya cinye sodar, a samu sabon abu wanda ba mai ba ne ba kuma soda ba, tare da gilisarin mai sanya fata laushi. Iyayenmu sun san wannan tun kafin zuwan shagunan kemikal: sukan ƙona karan dawa ko na gero, su tsiyaye ruwan tokar, su dafa shi da kitse ko man kaɗanya. Sabulun salo na ƙasar Yarabawa da na Gana haka ake yin sa, sai dai su tokar ɓawon koko da ɓawon ayaba suke amfani da ita. Kaifin da ke cikin toka na fotashiyam ne, shi ya sa sabulun salo yake da taushi yana narkewa da wuri, ita kuwa kostik soda sandar sabulu mai tauri take bayarwa.

Me ya sa wani sabulun yake cin hannu, wani kuma ya ƙi daskarewa?

Amsar tana ga ma'auni, kuma a ganina nan ne ƙashin bayan sana'ar baki ɗaya. Kowane mai yana da iyakar sodar da zai iya cinyewa. Kilo 1 na man kwakwa yana buƙatar kimanin giram 183 na soda, man alayyadi kimanin 175, manja kimanin 142, man kaɗanya kuwa kimanin 128 kacal. Wadda aka koya wa haɗi da alayyadi, ranar da ya yi tsada ta canza zuwa manja ba ta rage soda ba, ta bar fiye da giram 30 na soda a kowane kilo wadda ba ta samu man da za ta ci ba. Wannan ragowar ce take sa tafin hannun mai wanki ya yi ja, ya saɓule, atamfa kuma ta koɗe tun ba ta tsufa ba. Idan kuwa man ne ya yi yawa, sabulun zai zauna laɓe-laɓe, daga baya ya riƙa warin tsohon mai.

Saboda haka gwangwanin madara da murfin jarka ba ma'auni ba ne a wannan aiki. Ƙaramin sikeli mai nuna giram shi ne abu na farko da ya kamata a saya, kafin turare da kala. Ƙwararru ma sukan rage kashi 5 cikin 100 na sodar da lissafi ya bayar idan sabulun wanka ne, domin ɗan man da ya rage ya kare fata. Bayan an zuba a mazubi an yanka, ana jera sandunan a inuwa inda iska ke ratsawa na mako 4 zuwa 6. Gaggawar kai ɗanyen sabulu kasuwa ita ce take sa ya ƙare a hannun mai saye cikin 'yan kwanaki, mai sayen kuma ya ƙi dawowa.

Yaya ake jiƙa soda ba tare da an ji ciwo ba?

Ana zuba sodar ne a cikin ruwa, kaɗan-kaɗan ana juyawa, ba a taɓa zuba ruwa a kan soda. Da zarar ta fara narkewa ruwan yakan ɗau zafi sosai har ya kusa tafasa, ya fitar da tururi mai shaƙe maƙogwaro, don haka a tsakar gida ake yi, ba a ɗaki ba. Ruwan yakan kasance ninki biyu na nauyin sodar. A sa safar hannu ta roba da tabarau mai rufe ido, a yi amfani da bokitin roba mai kauri ko kwanon ƙarfen da ba ya tsatsa. Tukunyar alminiyam haramun ce ga wannan aiki, domin soda tana cin ta, tana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta. Muciya da bokitin da suka shiga soda kuma sun bar madafa ke nan har abada.

Sabulun ruwa fa, me ya bambanta shi?

Wanda ake haɗawa don wanke-wanke ba daga mai ake yin sa ba. Mai cire maiƙo a cikinsa shi ne salfonik, wani asid mai kauri launin zuma, wanda ake kashe kaifinsa da soda. Teksafon yana ƙara wankewa da kumfa, naitrosol ko antisol kuma kauri kawai suke bayarwa. Ya kamata masu saye su san cewa kauri da yawan kumfa ba su ne ƙarfin wanki ba, domin ana iya cika ruwa da naitrosol ya yi kauri kamar kunu alhali salfonik ɗin ciki bai taka kara ya karya ba. Gwajin gaskiya shi ne na 'yar takardar auna kaifi da ake sayarwa a shagunan kemikal: a tsoma ta, a ga ta nuna tsakanin 7 da 8. In ta haura sosai, soda ta yi yawa.

Abin da ya fi damuna a jerin kayan da ake rubuta wa masu koyo shi ne fomalin, wanda ake sawa don kada haɗin ya ruɓe. Sinadarin da ke cikinsa, fomaldihaid, hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi tun 2004 cikin rukunin farko na abubuwan da ke haddasa ciwon daji. Mai haɗin da ke shaƙarsa kullum ta fi mai saye shiga haɗari. A nemi mai shagon ya bayar da wani maganin ruɓewa, ko a riƙa haɗa daidai abin da zai ƙare da wuri.

Za a iya gauraya bilic da wasu kayan wanki don ya ƙara ƙarfi?

A'a. Bilic, na kamfani ne ko na gida, idan ya haɗu da ruwan wanke masai mai asid yana fitar da iskar kulorin, idan ya haɗu da amoniya kuma ya fitar da wata iskar mai guba, kuma dukkansu suna ƙona huhu. A ƙaramin bayi mara taga wannan yana iya kayar da mutum. Da ruwan sanyi kaɗai ake sirka bilic, a ajiye shi a jarka mai duhu nesa da rana, domin zafi da haske suna kashe ƙarfinsa.

Wane man shafawa ne ya fi sauƙin haɗawa, kuma ina haɗarin yake?

Mafi sauƙi kuma mafi aminci shi ne wanda babu ruwa a cikinsa: a narkar da man kaɗanya a kwano bisa ruwan zafi, a zuba man kwakwa ko man zaitun, a bari ya fara daskarewa, a buga shi har ya yi fari. Da hunturu ba shi da na biyu wajen kaushi da faso, yana kuma yin watanni bai lalace ba. Da zarar an sa ruwa, ko ruwan kurkur ko na karas, an buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, dole sai da maganin ruɓewa da tsafta ta haƙiƙa.

Babban haɗarin yana ga abin da ake kira haɗin haske. Wasu sukan matse maganin shafawa na kanti mai ɗauke da sitiroyid, irin su kulobetasol, cikin man da suke sayarwa, wasu su ƙara haidirokwinon, wani sinadarin haskaka fata, sannan su ce na gargajiya ne. A makonnin farko fatar takan yi haske da sheƙi. Daga baya sai ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa mai faɗi ta fito a cinya da hammata, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi, rauni ya riƙa jinkirin warkewa. Man da ke ɗauke da sinadarin makyuri mai guba kuwa ƙoda da jijiyoyi yake taɓawa, har da jaririn da ke ciki. A 2023 hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta ayyana bilicin fata a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Ɓoye wa mai saye abin da aka zuba masa algus ne, shafa wa yara irin wannan mai kuma zalunci ne.

Idan soda ta zuba a jiki ko yaro ya sha, me za a yi?

A fata ko ido, a cire tufafin da ya jiƙe, a yi ta kwarara ruwa na aƙalla minti 20, sannan a tafi asibiti. Idan sha aka yi, kada a sa yaron amai, kada a ɗura masa manja ko lemun tsami, domin dawowar sodar ta maƙogwaro ƙuna ce ta biyu. A wanke masa baki a garzaya da shi, a tafi da mazubin abin da ya sha. Likitocin yara a Afirka ta Yamma sun daɗe suna ganin yaran da maƙogwaronsu ya tsuke bayan irin wannan, har hadiyar ruwa ta gagara. Ruwan soda fari ne tas, ba a bambanta shi da ruwan sha, saboda haka ba a zuba shi a gorar lemo ko ta ruwa, ba a kuma barin bokitin da aka jiƙa a tsakar gida ya kwana a buɗe.

Mai son sayarwa fa, me doka ta ce?

A Najeriya sabulu, man shafawa da kayan wanki duk suna ƙarƙashin NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, kuma ana buƙatar rajistarta kafin a kai su kasuwa. Akan fara da rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, sannan jami'an NAFDAC su duba wurin haɗin, su gwada samfurin. A jikin kowane mazubi a rubuta sunan kaya, abubuwan da ke ciki, adireshin mai haɗawa, lambar rukunin haɗi, ranar da aka yi da ranar da zai daina aiki.