Gansakuka da tsirran ƙarƙashin itatuwa a dajin Nijar

Tsirran ƙarƙashin itatuwa su ne ciyawa da ƙananan hakukuwa da gansakuka da ke rufe ƙasa a gindin manyan itatuwa. A dazuzzukan ƙasashe masu yawan ruwa ƙarancin haske ne ke takura musu, amma a Sahel matsalarsu ruwa ce. A shekara Yamai na samun ruwan sama tsakanin milimita 500 zuwa 600, Tawa kuwa ƙasa da haka, kuma kusan duka yana sauka ne daga Yuni zuwa Satumba. Saboda haka inuwa a nan taimako ce: tana rage zafin ƙasa, tana jinkirta bushewar laima. Kyasuwa ta fi yin kyau a gindin kurmi, ƙarangiya kuma ta fi son jigawa mai rana.

Gansakuka ta tudu tana da nau'i kimanin 12,000 a duniya. Ba ta da saiwar gaske, ba ta da jijiyoyin ɗaukar ruwa irin na itace; da dukkan jikinta take shan raɓa da ruwan sama. Idan iska ta bushe, ita ma sai ta bushe ƙurmus ta tsai da aikinta, wasu nau'o'in kuma su farfaɗo cikin mintoci da zarar sun jiƙe. Hayayyafarta ma sai da ruwa, domin ƙwayar namiji iyo take yi kafin ta kai ga ta mace. Shi ya sa a Nijar ba a cika ganinta ba sai da damina, a gindin kurmi mai duhu, a gaɓar kori ko a bangon da rana ba ta bugu.

Abin da ya fi ta yawa shi ne wani baƙin ɓawo da ke manne a fuskar ƙasa, wanda ƙananan halittu masu sarrafa hasken rana ke yi. Ɓawon yana ɗaure yashi kada iska ta kwashe shi, wasu daga cikin halittun kuma suna ɗauko sinadarin naitirojin daga iska su sa a ƙasa. Kofaton dabbobi na farfasa shi cikin sauƙi.

Tudun marmara da ke gabashin Yamai, wajen Banizumbu, yana cikin wuraren da aka fi nazarin dangantakar ruwa da tsirran daji, musamman a HAPEX-Sahel, wani babban binciken ruwa da yanayi na 1992. A can daji layi-layi yake: kurmin geza da sabara, sai fako, sai wani kurmin. Fakon ba asara ba ne, ko da yake ido na ɗaukarsa haka. Ruwa ba ya shiga cikinsa, sai ya gangaro ya taru a kurmin da ke ƙasa, inda ganyen da ya zuba da ramukan gara suka sassauta ƙasa. Ciyawa mai shekara ɗaya tana kama bakin kurmin ta sama, inda ruwan ke fara isa, yayin da itatuwan bakin ƙasa ke bushewa. Idan masu sarar itacen wuta suka huda layin, ruwa sai ya wuce da ƙasa, ciyawar ta bi shi. Ramukan rabin wata da tassa (ƙananan ramukan shuka) da manoman Adar ke haƙawa a fako aiki iri ɗaya suke yi da hannu.

Gawo ya saɓa wa sauran itatuwa, domin da damina yake zubar da ganye. Abin da ke gindinsa, ciyawa ce ko gero, yana samun haske lokacin tsiro, ga takin ganye da kashin dabbobin da suka sha inuwarsa da rani.