"Ai Zan Ji Idan An Taɓa Aljihuna"

Matafiya da yawa sun yarda cewa muddin idonsu biyu, babu mai zura musu hannu a aljihu ba su ji ba. Kuskure ne. Idan aka taɓa jiki wuri biyu lokaci guda, hankali yakan bi taɓin da ya fi ƙarfi. Shi ya sa 'yan sane kan yi aiki su biyu ko uku: ɗaya ya bangaje ka a ƙofar mota ko jirgin ƙasa, na biyu ya zare walat da yatsu biyu kacal, ya miƙa wa na uku. Ko ka cafke wanda ya zare, hannunsa wayam.

Aljihun baya shi ne mafi sauƙin sanewa. Sa walat a aljihun gaba, ka naɗe ta da roba mai kauri, don ta riƙa cijewa a jikin yadi in an ja. Jakar goyo kuwa, a cunkoso dawo da ita ƙirji. Raba kuɗinka gida biyu, fasfo a aljihun ciki.

Kuma daina shafa aljihu don ka tabbatar kuɗin na nan, nuna musu wurin kake yi.