Baje Kolin Ayyukan Ɗaliban Zane

Baje kolin ayyukan ɗaliban zane nuni ne da makarantun koyar da zane da sassaƙa ke shiryawa, galibi a ƙarshen shekarar karatu, domin ɗalibai su fito da aikin hannunsu gaban malamai da jama'a. Yakan haɗa zanen fenti, da na fensir ko gawayi, da sassaƙa, da ginin yumɓu, da hotuna, da bidiyo. A makarantu da yawa, yadda ɗalibi ya kafa aikinsa a ɗakin nuni yana cikin abin da ake ba shi maki a kai.

Asali

Makarantar zane da sassaƙa ta masarautar Faransa ta fara baje kolin ayyukan mambobinta a birnin Faris a 1667, takwararta ta Landan kuma ta soma nata na bazara a 1769. A wancan zamani ana jera zane ne tun daga ƙasa har rufi, firam na gogar firam, kuma wanda aka kai aikinsa can ƙololuwa kusan ba mai ganinsa. Tsarin da aka fi bi yau, wato farin bango da layi ɗaya daidai ido, ya bazu ne a ƙarni na 20, musamman ta hannun gidan adana zane na MoMA da aka buɗe a New York a 1929. Wani nunin ɗalibai kan yi tasirin da ya wuce makaranta: a 1988 mai zanen Birtaniya Damien Hirst, yana ɗalibi a kwalejin Goldsmiths, ya shirya nunin Freeze a wani gini da ba a amfani da shi a Landan, daga nan sunan da yawa cikin abokan karatunsa ya fito.

Shiri

Zaɓe shi ne mataki na farko, kuma shi ya fi yi wa ɗalibai wuya, don kowa yana son a ga duk abin da ya sha wahala a kai. Amma zane uku masu ƙarfi da sarari a tsakaninsu sun fi goma a cunkushe. Sai a duba bushewa: fentin mai yakan bushe a sama cikin kwanaki, amma sai ya yi wata shida ko fiye kafin a shafa masa banish, wato ruwan da ke kare fenti ya sa shi sheƙi. Zanen gawayi da na alli ana fesa masa maganin da ke riƙe garinsa, kuma ba a rufe shi da gilashin roba, domin robar tana jan garin ya manne mata. Takarda ba ta so ta taɓa gilashi. Ana sa kwali marar asid a tsakani. Salatif na yau da kullum kuwa abin gudu ne, yana barin tabo ruwan ƙasa da ba ya fita.

Kafawa

Kafin a buga ƙusa ko ɗaya, ana jingina ayyukan a ƙasa jikin bango, a yi ta sauya musu wuri har a ga wanne ya dace da kusa da wanne. A nan ne ake yawan samun saɓani a nunin haɗaka, saboda kowa idonsa na kan bangon da ke fuskantar ƙofa. Shi ya sa ake barin hukunci ga malami ko mai tsara nunin.

Tsakiyar zane takan kasance santimita 145 zuwa 152 daga ƙasa. Misali, idan tsawon zane santimita 80 ne kuma an zaɓi 150, bakinsa na sama zai tsaya a 190. In wayar rataya da ke bayan zanen, bayan an ja ta sama, ta tsaya santimita 10 ƙasa da bakin, to ƙusa za ta shiga a 180. Maƙalai biyu sun fi ɗaya hana karkacewa, sannan a duba daidaituwar zanen da ma'aunin ruwa irin na magina. Sassaƙa ana ɗora ta kan dakali mai ƙarfi, a bar hanyar da mai kallo zai zagaya ta, har da mai keken guragu. Wayoyin lantarki na bidiyo a manne su a ƙasa.

Fitila takan haska zane daga sama a kusurwar digiri 30 domin rage ƙyalli da inuwar firam. Haske yana cin launi, kuma abin da ya ci ba ya dawowa, don haka gidajen adana zane ke tsayar da lukis (ma'aunin ƙarfin haske) 50 ga takarda da yadi, da kamar 200 ga fentin mai. Ana manna ƙaramin kati a gefen kowane aiki ɗauke da sunan ɗalibi, da sunan aikin, da shekara, da kayan da aka yi shi da su.

Kwashewa

Da zarar an kammala kafawa ake ɗaukar hotuna, tun ɗaki bai cika da mutane ba, domin su ne ɗalibi zai nuna wajen neman aiki ko ƙarin karatu. Bayan rufe nuni ana sauke ayyukan, a cike ramukan ƙusa, a sake fentin bango kafin a mayar da mabuɗin ɗakin.