Lanolin, Maiƙon Ulun Tumaki: Ga Amsoshinku

Tun da hunturu ya kama, duk wanda ya shigo kyamis ɗina a ƙauyenmu na kusa da Gumel ya hango "lanolin" a jikin robar mai, sai tambaya. Ga amsa nan gaba ɗaya, kowa ya huta.

Kitsen rago ne?

A'a. Maiƙo ne mai kama da kakin zuma, fatar tunkiya ke fitar da shi don kada ruwa ya ratsa ulunta. Ba yanka ta ake yi ba, aski ake mata, a wanke ulun da ruwan zafi a tace.

Zan samu a jikin tumakina?

Ba za ka samu ba, malam. 'Yankasa, Uda, Balami, duk gashi gare su, ba ulu ba. Ko ka karaɗe kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ba za ka ga mai shi ba. Sai irin su Merino na Ostireliya. Ka ƙyale dabba ta huta.

Mai jego da kan nononta ya tsage, za ta iya shafawa ta shayar?

Za ta iya, amma da sharaɗi. Sai tataccen da aka yi musamman domin kan nono, ba man shafawa mai turare da aka ɗiga wa lanolin ba, don ɗanyen maiƙon kan zo da ragowar maganin kaska. Ɗan kaɗan bayan jariri ya gama sha, kuma ba sai ta goge ba. Sai dai fatar wasu ba ta shiri da shi. In ƙaiƙayi ko ƙuraje suka biyo baya, ta daina nan take. Kuma yawanci tsagewar daga kamun jariri take: in bakinsa bai haɗa da baƙin kewayen ba, ko tulu guda aka shafa ciwon zai dawo. Nono ya kumbura, ga zazzaɓi ko mugunya? Asibiti, yau ɗin nan! Ku mazaje ku daina cewa "bari mu gani zuwa gobe". Ke kuma ki kwantar da hankalinki, wannan ba dalilin yaye ba ne.

Faso fa?

Yana taushe shi. Jiƙa ƙafa, goge kaushin da dutse, shafa da dare, sa safa. In ba hali, man kaɗanya ya wadatar.

Sabon abu ne?

Ina! Tun 1882 aka raɗa masa sunan a Jamus. Da shi ake haɗa bitamin D3, ana kuma shafa wa ƙarfe don hana tsatsa.